Ƙasar Bayan Akurki

Dakta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da aikinki da kwalabenki. Mu ma nan lafiya lau, sai gwiwar Baba da ke tashi in ya daɗe a tsugune, da kunnensa da ya ƙara nauyi. Shi ya sa ma na ɗauki biro. In na kira ki a waya sai ya cika ni da "me ta ce?", ke kuma ba kya barin mutum ya kai aya. Direban da ke ɗaukar mana kayan lambu zai kawo miki wannan.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na rubuto ba. Kin tuna tsohon siton ƙasan lambu, wanda Baba ya hana mu shiga muna yara? Ashe duro biyu na maganin ƙwari ne a ciki, tun zamanin ƙungiyar manoman nan da ta watse. Tsatsa ta cinye gindinsu. Da aka yi ruwan nan mai ƙarfi, maganin ya malalo ya bi fangali tara, ya gangara kududdufi. Washegari kifaye duk sun juyo da ciki sama. Kaji shida suka mutu mini. Warin har yanzu yana kama maƙogwaro.

Malamin gona ya zo da ƙyalle a hanci, ya ɗebi ƙasa da ruwa ya tafi. Bayan mako ya dawo da takarda: ba shuka, ba sayarwa, ba shan ruwan rijiya. An ba mu wata shida. In aka sake gwaji gubar ba ta sauka ba, katafila za su kawo su kankare lambun har zurfin gwiwa, su tuge itatuwan lemun da Inna ta dasa kafin Allah ya karɓi ranta, su kwashe komai su zubar can nesa.

Baba ya saurara har ƙarshe. Ya daɗe yana kallon lemukan nan. Sai ya ɗago ya ce, "A rubuta wa Dakta."

Ina tsaye a gabansa fa, da laka har gwiwa. Shekara goma sha tara ina ban ruwa a lambun nan, amma bai ce "ke me kika gani?" ba. Ni ce 'yar cikinsa, ke 'yar ƙaninsa ce da ya ɗauko bayan rasuwar Baffa, amma ke ya tura karatu, ni ya miƙa wa fartanya. Ban faɗa don ki ji haushi ba. To, na faɗa don ki ji kaɗan.

Ga shi na rubuta. Sai ki faɗa mana abin da za mu yi, mu da ba mu da allo.

Yayarki

* * *

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ina tsakiyar aiki, na karanta ta a tsaye. Allah ya ba Baba lafiyar gwiwa, ya mayar miki da kajinki. Ni lafiyata ƙalau, sai ciwon baya na zaman kujera.

Maganar fartanya da allo na ajiye ta gefe tukuna, lokaci ba ya jira. Lemukan Inna ba za a tuge su ba in Allah ya yarda.

Ga aikina a taƙaice, tunda ba ki taɓa tambaya ba. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu masu rai, ido ba ya ganinsu, cokali ɗaya na ƙasa ya ɗauki ninkin mutanen garinmu sau dubu. Wasunsu suna iya cin guba kamar yadda akuya ke cin takarda, su narkar da ita ta zama ba komai. Aikinmu a ɗakin gwaji shi ne mu nemo masu cin irin gubar da ta zube, mu ciyar da su su yawaita, a mayar da su ƙasa su yi aiki.

Don haka ki ɗebo mini ƙasa daga wuri biyar cikin inda maganin ya bi, cikin gwangwanin madara daga kowane wuri, zurfin tafin hannu. Ki sa kowace a ledarta, ki rubuta inda kika ɗebo. Ki sa safar hannu, kada ki taɓa da fata. Ki ba direba ranar da kika ɗiba. Ba sai kin gane dalilin komai ba, ki dai yi yadda na ce.

Ki gaishe da Baba, ki ce ya daina zuwa kusa da siton.

Ƙanwarki

* * *

Dakta,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Baba ya sa na karanta masa takardarki sau biyu, ya sa aka kira mai gyaran keke da ke maƙwabtaka da mu don ya ji batun akuya da takarda.

"Ba sai kin gane ba." Na gode. Na sa layin nan a gaba na kalla na kalla. Ashe haka kike ganina. To, jahilar ta yi aikinta, ga ƙasa leda biyar, kuma ina so ki duba da kyau.

Da na ɗebo ta, na ga ba abin da za a kai gaban mutane ba ne. Tsutsa, tana, ɓawon albasa, ga wari. Na ce wallahi ba za a buɗe wannan a gaban abokan aikinki masu fararen riguna su ce daga gidan su Dakta aka kawo ba. Sai na shanya ta kwana uku a rana a kan kwanon rufi. Na daka ta, na tankaɗe da rariya sau biyu. Na ga har yanzu wasu ƙananan ƙwari na motsi, sai na zuba ta a tsohon kasko na soya ta a waje, na rufe hancina, har ta yi ƙamas. Kaskon na jefar. Yanzu kam ko a teburin shugabanku kika zuba ta ba za ki ji kunya ba.

Wuri ɗaya ne ban ɗebo ba, ko da yake maganin ya bi ta nan: lungun bayan akurki. Nan nake wanke famfon feshi shekara da shekaru, nan nake zuba kashin kaji da ƙaiƙayi da ruwan wanke-wanke. Ƙazantar wurin ta fi ƙarfin rariya. Abin mamaki ma, ko'ina ciyawa ta ƙone, amma ta lungun nan kore shar, kamar ba abin da ya faru. Ƙazami dai ba ya mutuwa da wuri.

Sai mun ji daga gare ki.

Yayarki

* * *

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ni kam ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Kin soya ƙasar? Haba Yaya! Masu rai na ce ki aiko mini, kika aiko mini da gawarsu. Rana ta kashe rabi, kasko ya ƙarasa sauran. Na zuba ta a farantin gwaji goma, na jira kwana tara, ko ɗigo bai tsiro ba. Abokiyar aikina ta tambaye ni wace na'ura aka kashe ƙwayoyin da ita haka tas, na ce kasko, ta yi dariya har ta riƙe tebur. Garin neman gira an rasa ido, ga mako uku ya tafi a banza. Kuma hayaƙin da kika shaƙa guba ne, in kin ji jiri ko amai ki je asibiti, kada ki tsaya taurin kai.

Tunda lokaci ya ƙure, ga jarka biyu na ba direba. Ƙwayoyin da muke kiwo ne a nan, shekara bakwai ina aiki a kansu, a cikin kwalba suna cinye irin maganin nan cikin kwana goma. Ki ajiye su a inuwa. Kofi ɗaya a bokitin ruwa, ki yayyafa wa kowane fangali da la'asar, kwana uku-uku, har su ƙare.

Sannan lungun bayan akurkin nan. Ki ɗebo mini ƙasarsa yadda take, da tsutsarta da warinta. Kada ki wanke, kada ki shanya, kada ki tankaɗe, don girman Allah kada ki soya.

Ƙanwarki

* * *

Dakta,

Muna lafiya. Ban yi jiri ba, ban yi amai ba, abin da ya kama ni ba na asibiti ba ne.

Ashe har labarina kika ba abokiyar aikinki. Na ɓata kwana huɗu ina rufa miki asiri, ke kika tona nawa cikin minti ɗaya. Madalla. Ki gaishe ta, ki ce mai kaskon tana gaishe ta.

Jarkokinki sun iso, kuma da kin ga tarbar da aka yi musu da kin ce baƙi ne daga nesa. Baba da kansa ya sauke su, da gwiwar tasa. Ya shimfiɗa musu buhu a ɗakinsa, ƙarƙashin gado, ya hana a yi shara a wurin kada ƙura ta dame su. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai an ɗaga zanen gado an nuna masa "maganin Dakta". Ni kuwa nake jan ruwa daga famfon bakin titi, bokiti goma sha shida kowace la'asar, tunda an rufe rijiya. Shi yana zaune a kujera yana ba ni umarni: "A hankali, kada ki zubar, yarinyar nan ta sha wahala a kansa." Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ina yi yadda kika ce, kofi ɗaya a bokiti, ban ƙara ba ban rage ba.

Ƙasar bayan akurki kuwa ba zan aiko ba. Wancan karon da tsabtata kuka yi mini dariya, ina ga na aiko da kashin kaji? Ku nemi wani abin nishaɗin.

Yayarki

* * *

Yaya,

Ina gaisuwa. Wata biyu ke nan ban ga rubutunki ba. Direba ya ce kuna lafiya, ya gan ki da baro, amma ba ki ba shi komai ba. Na kira, kin miƙa wa Baba wayar, shi kuma sai albarka yake sa mini, ba ya jin tambayata.

Na yi kuskure da na ba da labarin kasko. Ki yi haƙuri. Amma fushinki da ni daban, lemukan Inna daban. Warin ya ragu? Ciyawa ta fara fitowa? Yaushe malamin gona zai yi gwajin tsakiyar wa'adin? Kuma ina roƙonki, ba don dariya ba, ki aiko mini da ƙasar lungun nan.

Ko layi biyu ne ki rubuto.

Ƙanwarki

* * *

Dakta,

Assalamu alaikum. Ni lafiyata ƙalau. Baba ne ba daidai ba. Ba ciwo ba ne, cin abinci ya rage, ya ja kujerarsa ƙarƙashin lemukan nan, can yake wuni.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa miki komai.

An yi gwajin tsakiya. Fangali takwas ɗin da suka sha maganinki, gubar ba ta sauka ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da malamin gona ya faɗa, kin san abin da na ji? Daɗi. Wallahi daɗi na ji, har cikin ƙashina. Lambun ubana zai tafi, itatuwan uwata za su tafi, ni kuwa zuciyata tana cewa yau dai Dakta ta faɗi. Allah ya yafe mini. Daɗin bai kai minti ɗaya ba, domin Baba ya juyo ya kalle ni ya ce, "Ƙila ba a zuba daidai ba." Bokiti goma sha shida, Dakta. Na shiga ɗaki na yi kuka kamar yarinya.

Saura na tara. Shi bai sha maganinki sosai ba, jarkar ba ta isa ba. Tulin bayan akurki kuma ya yi yawa ya tare mini hanya, sai na kwashi baro biyu na watsa a kansa na juya da fartanya, don dai in rabu da shi. Bayan mako uku na lura wari ya bar fangalin nan. Malamin gona ya ja ni gefe ya nuna mini takarda: a na tara gubar ta sauka fiye da rabi. Ya ce, "Me kika zuba a nan?" Na ce ba komai.

Kwana tara takardar nan tana ƙarƙashin matashina. Na san in na gaya wa Baba zai ce ke kika koya mini. In na aiko miki, ki sa a kwalba ki ba shi suna mai tsawo, ya zama maganin Dakta na biyu. Na ce gara kowa ya rasa.

Jiya wani mutum ya zo da igiyar awo ya auna faɗin ƙofar lambu, don ya ga ko katafila za ta shiga. Baba yana zaune yana kallonsa, bai ko amsa sallamarsa ba. Sai na ga hannun Baba yana shafa jikin lemun da ke kusa da shi.

Ga ƙasar nan a leda, ɗanya, da tsutsarta. Na ƙirga tana uku a ciki, duk da ransu. Saura mako bakwai. Ki yi abin da za ki yi, ki kwashe ladan, na haƙura.

Yayarki

* * *

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, in ban da na kwana huɗu ina buɗe faranti ina rufewa kamar mai jiran haihuwa. Allah ya ƙara wa Baba ƙarfi. Ki matsa masa ya ci abinci, ke yake jin tsoro.

Ƙasarki cike take maƙil da masu cin gubar nan. Abin da nawa ke cinyewa cikin kwana goma a kwalba, naki sun cinye shi cikin huɗu. Ga yadda aka yi: shekara goma sha tara kina wanke famfon feshi a lungun nan, kina ba su guba kaɗan-kaɗan, sannan ki bi su da kashin kaji da ƙaiƙayi da ruwa. Waɗanda ba su iya ba suka mutu, waɗanda suka iya suka hayayyafa. Kiwo kike yi ba ki sani ba. Nawa kuwa 'yan hutu ne, sun saba da sanyin ɗaki da abinci a kan lokaci, da suka ji ranar lambu suka mutu. Kin zuba daidai. Ni ce ban yi tunani ba.

Kin faɗi naki, bari in faɗi nawa. Da na ga farantin nan, ban ji daɗi ba. Na shiga bayi na kulle ƙofa. Shekara bakwai ina bin abin da kika samu da ruwan wanke-wanke. Na yi awa guda ina tunanin in ce wa shugabanmu daga wani lambu na samo shi, kada in ambace ki. Kishi ne, ba shi da wani suna.

Kuma ba yau ya fara ba. Kina cewa ke ya miƙa wa fartanya. Kin san sau nawa na tsaya a bakin lambun nan ina so ya miƙo mini? In na ɗauki bokiti sai ya ce, "Ajiye, je ki yi karatu." Ranar da muka karya reshen lemu mu biyu, ke ya zane, ni ya ce in shiga ciki. Kina kuka kina hararata, ba ki san ni ma kukan nake yi ba. Tun da ya ɗauko ni bai taɓa yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Mutum ba ya yi wa baƙo faɗa, Yaya. Ke 'yarsa ce, ni amana ce. Albarkar da yake sa mini a waya, da zai musanya mini ita da zagi ɗaya irin wanda yake yi miki, da na karɓa da hannu biyu.

To, aiki. Ki kwashe rabin ƙasar lungun, ki bar rabi don iri. Ki haɗa baro ɗaya nata da baro uku na taki da ƙaiƙayi, ki jiƙa kamar yadda kike jiƙa ƙasar dashe, ki rufe da buhu kwana biyar. Sai ki watsa a kowane fangali ki juya zurfin fartanya. Ki riƙa juyawa kwana uku-uku don iska ta shiga, kada ya bushe, kada kuma ya yi caɓi. Ki lulluɓe da ciyawa saboda rana. A bakin kududdufi ki dasa dogayen ciyayin nan na bakin ruwa, ki zuba musu haɗin a gindi. Ruwa ya fi ƙasa jinkiri, rijiya ba na tsammanin za ta tsira bana. Duk inda kika ga idonki ya fi takardata gaskiya, ki bi idonki.

Na sa wata 'yar takarda a ciki, ta Baba ce. Na gaya masa maganina ne ya gaza, naki ne ke aiki. Ki karanta masa duka, kada ki tsallake layi.

Ƙanwarki

* * *

Dakta,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Hannuwana sun yi kanta a kan kanta, bayana kuwa sai a hankali. Baba ya dawo da cin abinci, har yana ƙorafin gishiri.

Ki yafe shirun, mako bakwai ban zauna ba. Mai gyaran keke da matarsa sun kama mini juyi. Kwana uku-ukun da kika ce bai yi ba, ƙasarmu tana saurin bushewa, na mayar da shi kwana bibbiyu. A mako na huɗu na daki ƙasa na ga tana a fangali na biyu, na tsuguna ina yi mata sannu da zuwa kamar mahaukaciya.

Shekaranjiya sakamako ya fito. Fangali bakwai sun wuce. Biyun da ke jikin sito ba su wuce ba, amma za a kwashe su da shebur, katafila ba za ta shigo ba. Rijiya an sa mata murfi da kwaɗo sai baɗi a sake dubawa. Kududdufi an ƙara masa wata shida. Lemukan Inna suna nan a tsaye, duka goma sha ɗaya.

Takardarki ta Baba na karanta masa, ban tsallake ko wasali ba. Sau uku ma na karanta, da ƙarfi, a bakin kunnensa, na ukun a gaban mai gyaran keke. Kin san abin da ya ce? "Kun ji Dakta? Daga can ta gano abin da ke bayan akurkinmu!" Na ninke takardar na ce to, an yi ba a yi ba. Na ci gaba da juyin ƙasata, na cire rai.

Sai ranar sakamako. Malamin gona ya fito da wata takarda, ya ce ana son sa hannun mai lambu, wanda zai ɗauki nauyin kula da kududdufi, kuma yana so a koya wa wasu masu lambu biyu da irin wannan ta same su. Ya miƙa wa Baba biro. Baba bai karɓa ba. Ya ce, "Ni me na sani? Ni na ajiye duron da ya kashe wurin. Ga mai lambun nan, ita ta tashe shi." Ya nuna ni da sandarsa, bai ko kalle ni ba. Na karɓi biron na sa hannu. Da malamin ya tafi sai ya ce na bar baro a rana, tayar za ta fashe, wai yaushe zan yi hankali.

Saura ke. Na san wasiƙarki ba tasa ba ce, amma na karanta masa inda kika yi maganar reshen lemu. In laifi ne na ɗauka. Na zaci bai ji ba. Can ya buga sanda a ƙasa ya ce in ɗauko biro in rubuta, kada in gyara masa. Ga shi yadda ya faɗa:

"Ki ce wa waccan sakaryar, jarkokinta sun ci mana wata biyu da rabi a banza, ga su nan sun cika mini ƙarƙashin gado, ta zo ta kwashe tarkacenta. Ana aiki tana can tana rubutu. Shekara huɗu ba ta taka gidan nan ba, gidan ubanta, mara kunya. In ta zo kuma kada ta zo mini da takalma masu tsini, akwai fangali biyu da za a kwashe."

Yana gama faɗa ya juya baya yana share ido da hannun riga, wai hayaƙi ne. Ba a hura wuta ba ranar.

Ga zaginki nan, na kawo miki shi da zafinsa. Kuma ki sani, da yake faɗa, sai da na ɗan ji kishi. Ni bai taɓa yin kuka don ya zage ni ba.

Yayarki, mai lambu

* * *

Mai lambu,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, idanuna ne suka kumbura, abokiyar aikina tana ta tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, babana ne ya zage ni. Ta kalle ni kamar na taɓu.

Na karanta layukan nan har na haddace. "Gidan ubanta" ɗin nan, ki rantse haka ya faɗa, ba ke kika ƙara ba. Kai, kada ma ki rantse, zan tambaye shi da kaina.

Rahoton da muke rubutawa a kan ƙasar nan, sunanki ne a gaba, nawa a baya. Shugabanmu ya yi gardama, na ce to ya je ya wanke famfo shekara goma sha tara. Kada ki zaci raina ya so, sai da na goge na sake rubutawa sau biyu.

Na karɓi hutun mako uku. Zan biyo direba ranar Asabar, a bayan mota tare da kwandunan da ba kowa a ciki. Na sayi takalman roba. Ki ajiye mini shebur, kuma in Baba ya ce "ajiye, je ki huta", ki taya ni gardama.

Ƙanwarki